Daga Kano zuwa filin Rose Bowl: inda kamfanin tafiye-tafiye ya ƙware da inda ya gaza

Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano sun daɗe da ƙwarewa a kan hanyoyin da jama'a suka saba bi, wato Umara da aikin Hajji ta jirgin yawo, da Dubai da Sin domin 'yan kasuwar Kwari, da Alƙahira da Indiya domin masu neman magani. Abin da ba kasafai suke gani ba shi ne mutumin da zai ce a shirya masa tafiya zuwa Kalifoniya domin ya kalli wasan ƙwallon Amurka tsakanin jami'o'i biyu. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni ne, wanda ya shirya mini zuwa wasan Rose Bowl na ranar 1 ga Janairun 2025, inda na haɗu da ɗana da ke karatu a Jami'ar Jihar Ohio. Hukuncina a kansa shi ne, duk abin da ya shafi takardu da jirgi ya yi shi da gaskiya da sanin makamar aiki, amma daga saukata Los Anjeles zuwa ƙofar fili, wanda shi ne dalilin tafiyar, ya sayar mini da alkawarin da bai san yadda ake cika shi ba.

Ga wanda bai san wasan ba, jami'o'in Amurka suna buga kakarsu daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Disamba, sannan waɗanda suka taka rawar gani a gayyace su wasannin rufe kaka a garuruwa daban-daban. Rose Bowl shi ne mafi daɗewa a cikinsu. An fara buga shi a 1902 a garin Pasadena, lokacin da Michigan ta lallasa Stanford da maki 49 da nema, ya zama na kowace shekara daga 1916, kuma ya koma filin da yake yanzu a Janairun 1923. Filin yana ɗaukar mutum kusan 90,000, kuma masu bin ƙwallon ƙafa a Kano sun san shi ko da ba su riƙe sunansa ba, domin a nan ne aka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta 1994, inda Roberto Baggio ya ɗaga fanareti sama, Brazil ta ɗauki kofi.

Aikin biza shi ne wurin da kamfanin ya fi burge ni. Tun a zaman farko ma'aikacin da ya karɓe ni ya ce a fara da wuri, domin samun ranar ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas yana ɗaukar lokaci, kuma babu wurin yin ganawar a Kano. Ya cike fom ɗin DS-160 ina zaune kusa da shi, yana karanto kowace tambaya yana jiran amsata, maimakon abin da wasu ke yi na karɓar fasfo su cike abin da suka ga dama, mutum ya je gaban jami'i bai san abin da aka rubuta da sunansa ba. Ya kuma gaya mini ƙarara cewa dala 185 ta kuɗin neman biza ba a mayar da ita ko an hana. Da na tambaye shi ko akwai tabbas, sai ya ce, "Alhaji, mu namu cike takarda ne da neman rana. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, kuɗinka kawai yake so." A garin da ake yawan jin labarin waɗanda aka damfara da sunan biza, wannan amsa ta sa na amince da su, kuma har yanzu ina ganin sun cancanci yabo a kanta.

A kan jirgi ma shawararsu ta yi kyau. Sun zaɓa mini hanyar Doha daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, inda zangon Doha zuwa Los Anjeles kaɗai yake cin kusan awa 16, kuma suka dage cewa in sauka da 'yan kwanaki kafin wasan, saboda a lokacin sanyi Kano tana gaba da Kalifoniya da awa 9, jiki kuma ba ya sabawa a dare ɗaya. Sun kuma nace in ƙara kuɗi in sayi tikitin da ake iya sauya wa rana. Amfanin wannan ya bayyana a ranar wasan kanta, domin harin da aka kai da mota a birnin New Orleans da asubahin sabuwar shekara ya sa aka ɗage wasan Sugar Bowl, wani irin wannan wasa da ake bugawa a birnin, zuwa 2 ga Janairu, kuma duk wanda ya je can da tikitin komawa marar sauyi ya shiga tsaka mai wuya.

Matsala ta fara ne daga tikitin shiga fili. Kamfanin ya sanya shi cikin kuɗin da ya caje ni, yana mai cewa suna da wakili a Amurka da zai saya. Abin da ba su fahimta ba, kuma ba su bincika ba, shi ne cewa a wannan kaka aka fara sabon tsarin gasar ƙungiyoyi 12, wanda ya mayar da Rose Bowl wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. Sai ranar 8 ga Disamba aka san cewa Oregon, wadda ba ta sha kashi ko sau ɗaya ba a kakar, za ta je Pasadena, abokiyar karawarta kuwa sai ranar 21 ga wata, bayan Jihar Ohio ta doke Tennessee da maki 42 da 17. Wannan ya zo mana da daɗi, tunda makarantar ɗana ce, amma yana nufin akwai ɓangaren da ya kamata mu zauna, domin kowace jami'a ana ware mata kasonta na kujeru, magoya bayanta su taru wuri guda. Na aika wa kamfanin saƙo a kan haka, aka amsa mini da "ba damuwa, ranka ya daɗe, an gama komai." A ƙarshe kujerun da wakilin ya saya suna can bayan layin cin maki, a tsakiyar magoya bayan Oregon masu koren kaya. Mutanen sun yi mana kirki, amma ba abin da na biya kuɗi a kansa ba ke nan, kuma tambaya ɗaya tak ga wakilin kafin ya saya da ta gyara lamarin.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda aka aiko da tikitin. Hotonsa aka ɗauka daga waya aka turo mini ta WhatsApp, alhali tikitin irin waɗannan wasanni yana zaune ne cikin manhaja, da lambar da ke sauyawa a kai a kai domin hana jabu, saboda haka na'urar bakin ƙofa ba ta karɓar hoto. Dole ne wanda ya saya ya tura shi zuwa asusun mai shiga, shi kuma ya karɓa da adireshinsa na imel. Ɗana ne ya lura da haka a jajibirin wasan, muka kwana kiran Kano muna neman lambar wakilin, ga bambancin lokaci ya sa idan mu muna farke su suna barci. An turo tikitin na gaskiya kafin gari ya waye, amma mutumin da ya taho shi kaɗai, ba shi da ɗa a can, da ya ƙetare rabin duniya ya tsaya a bakin ƙofa yana jin ihun mutane daga waje.

Masauki ma an zaɓe shi da ma'aunin da bai dace da wannan tafiya ba. Sun kama mini otal kusa da filin jirgin Los Anjeles, mai tsabta kuma mai sauƙin kuɗi, sai dai tsakaninsa da Pasadena kusan kilomita 45 ne. Na fahimci dalilinsu, domin otal-otal na Pasadena suna tsada a wannan mako, da yawansu kuma ba sa ba da ɗaki na kwana ɗaya, kuma a lokacin dala ta haura naira 1,500. Amma ba su san cewa safiyar wasan akwai jerin gwanon furanni ba, wanda ake yi tun 1890, kuma shi ne ma ya haifar da wasan. Yana farawa da ƙarfe 8 na safe, ya bi titin Colorado na tsawon kusan kilomita 9, da manyan motocin ado waɗanda aka lulluɓe da furanni da ganyaye da ƙwayoyin tsirrai, da 'yan badujala da mahaya dawakai. Wanda ya san yadda ake kama wuri tun da hantsi a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe zai gane yanayin, sai dai a can tun ranar jajibiri mutane ke shimfiɗa barguna a gefen titi su kwana, ana kuma rufe hanyar tun da dare. Motar da kamfanin ya ce za ta kai mu har bakin fili ba ta da ta yi. Abin da ya fisshe mu shi ne jirgin ƙasan birni zuwa tashar Memorial Park, daga nan muka taka zuwa inda bas ɗin kyauta ke kwasar 'yan kallo zuwa kwarin Arroyo Seco da filin yake ciki. Wannan bayani yana nan a shafin masu shirya wasan na intanet, kuma kamfanin da ya karɓi ladan shiri ya kamata ya karanta shi.

Akwai ƙananan abubuwa da suka taru suka yi nauyi. Sun ba ni shawarar in sayi dala a Wapa in riƙe a hannu, wadda ta yi amfani a wasu wurare, amma a cikin filin da kati ake sayen komai, kuma a lokacin katin naira na yawancin bankunanmu ba ya aiki a ƙasashen waje. Ba a shiga da jaka sai ƙaramar ta roba wadda ake ganin abin da ke cikinta, saboda haka jakar da mutum ya saba sa darduma da rigar sanyi a ciki ba ta wuce bincike. Rigar sanyin kuwa dole ce, domin da rana akwai ɗumi, amma da zarar rana ta faɗi sai sanyi ya sauko daga duwatsun San Gabriel. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kamfanin da ya san lokacin kowace salla a Makka da Madina bai ce mini komai a kan salla ba. An take wasan bayan ƙarfe 2 na rana, kuma ko da yake kashi huɗu ne na minti 15, tsayawar agogo da hutun rabin lokaci suna kai shi sama da awa uku, wato La'asar da Magariba duk suna shiga ana wasa. Mun haɗa Azahar da La'asar a kan ciyawar filin golf da ke kewaye da wurin, a tsakanin motocin mutanen da suka kafa rumfuna suna gasa nama tun safe. Abinci kuma sai da lura, domin naman alade da giya sun yawaita a rumfunan sayarwa, don haka muka tsaya a kan dankali da abin da ba shi da nama.

Wasan kansa bai ba mu kunya ba. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 11 a fili, da dama huɗu na tura ƙwallo gaba yadi 10, kuma kai ta ƙarshen fili maki 6 ne. Ban gama fahimtar wannan ba Jeremiah Smith na Jihar Ohio, yaro ɗan shekarar farko a jami'a, ya karɓi ƙwallo ya ratsa masu tsaron baya a mintunan farko, ɗana ya miƙe tsaye shi kaɗai da jar riga a cikin dubban masu kore. Jihar Ohio ta kai maki 34 Oregon ba ta da ko ɗaya, aka tashi 41 da 21, kuma ita ce ta je ta ɗauki kofin ƙasa ranar 20 ga Janairu a Atlanta.

Da na dawo na kai ƙorafi, manajan ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, ya ba da haƙuri, ya kuma mayar da kuɗin motar da ba a yi amfani da ita ba, ba tare da jan rai ba. Saboda haka zan sake ba su aikin biza da jirgi, kuma zan tura musu wani. Tikitin shiga fili kuwa, mutum ya saya da kansa daga masu shirya wasan ko ta hannun ɗalibin da ke jami'ar, idan kuma dole ne kamfani ya saya, a rubuta cikin yarjejeniya ɓangaren da kujerar take, da ranar da za a tura tikitin zuwa asusun mai tafiya, da sunan unguwar da otal yake. A kuma duba ƙa'idar biza ta ranar kafin a biya ko sisi, domin tana sauyawa: a 2023 an tsawaita ta 'yan Najeriya zuwa shekara biyar, a Yulin 2025 kuma aka rage ta zuwa wata uku da shiga sau ɗaya. Haka nan a tabbatar da ranar wasan kafin a yanki tikitin komawa, domin a al'adar Pasadena idan 1 ga Janairu ta faɗo ranar Lahadi, jerin gwanon da wasan duk sai Litinin ake yin su, kamar yadda aka yi a 2023.