Pip da Gatsby: wanne ne dukiya ta fi yi wa ɓarna?

Malama, kin ce an ba ku aiki a makaranta kan yadda neman dukiya yake gurɓata abin da mutum yake ɗauka nasara ce, kina tambaya wanne ya fi fito da batun tsakanin Great Expectations na Charles Dickens da The Great Gatsby na F. Scott Fitzgerald. Idan ɓacin hali kike son nunawa, ɗauki Dickens. Idan kuwa ɓacin shi kansa burin kike nema, Fitzgerald ne naki. Daga nesa sun yi kama, amma ba ciwo ɗaya suke bayani ba.

Kamannin a fili suke. Pip maraya ne, ya tashi a hannun yayarsa da mijinta Joe Gargery, maƙeri a fadamun Kent da ke Ingila. Gatsby kuwa sunansa na yanka James Gatz, ɗan wasu manoma marasa ƙarfi a North Dakota, Amurka. Kowannensu mace ce ta tsaya masa a rai, Estella ga Pip, Daisy ga Gatsby. Kowannensu kuma kuɗin da suka ɗaga shi ta hannun masu laifi suka biyo. Littafin Dickens ya fito kashi-kashi a mujalla daga Disamba 1860 zuwa Agusta 1861, na Fitzgerald kuma a 1925, labarinsa yana gudana a 1922.

Bambanci na farko: Pip bai nemi dukiya ba, jiranta ya yi. Kafin a kai shi gidan Miss Havisham, attajirar da ango ya gudu ya bari ranar aure, ba shi da burin da ya wuce ya zama maƙeri kamar Joe. A gidan ne Estella, 'yar riƙon Miss Havisham, ta dubi hannuwansa ta ce sun yi kaushi, ta dubi takalmansa ta ce sun yi kauri. Shi ke nan. Yaro ya koma gida yana jin kunyar maƙerar da take ci da shi. Ki lura fa, a lokacin ko sisi bai shiga aljihunsa ba. Ɓarnar ta riga kuɗin isowa. Da lauya Jaggers ya zo da albishir cewa wani da ya ɓoye sunansa zai mai da shi babban mutum, sai Pip ya tafi Landan ya koyi abin da manyan mutanen lokacin suka iya: sa tufafi, shiga kulob, ɗaukar yaron gida da ba shi da aikin ba shi, da cin bashi. Da ya cika shekara 21 aka yanka masa fam 500 duk shekara, amma bashi bai bar shi ba. A ma'auninsa na da, nasara ita ce mutum ya iya sana'a. A sabon ma'auni, ita ce kada a taɓa ganin kana aiki da hannunka.

Wurin da ya fi ci mini rai a littafin shi ne babi na 27, inda Joe ya zo Landan ganin Pip. Ya sha kwalliyar da ba ta karɓe shi ba, ya rasa inda zai ajiye hularsa, yana yi wa yaron da ya rena magana irin ta talaka a gaban mai gida. Pip kuwa fatansa baƙon nan ya tashi ya tafi, har ya faɗa da bakinsa cewa da kuɗi za su hana Joe zuwa, da ya biya. Washegari ya je garinsu ya sauka a masaukin baƙi, bai kwana gida ba. Ba sata ya yi ba, bai kashe kowa ba. Butulci ne kawai, irin wanda ba a kai mutum kotu a kansa, shi ya sa yake da zafi.

Gatsby kuwa tashi ya yi ya nema. Yana ɗan shekara 17 ya sauya suna, ya bi wani attajiri, Dan Cody, a jirgin ruwansa. Ya haɗu da Daisy a Louisville a 1917 yana hafsan soja, kakin ya rufe masa talauci. Kafin ya dawo daga yaƙi ta auri Tom Buchanan, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Daga 1920 Amurka ta haramta sayar da giya, Gatsby ya shiga sumogarta tare da wani ƙasurgumin ɗan damfara, Meyer Wolfsheim, ya sayi katafaren gida a West Egg daidai inda zai riƙa hango gidan Daisy a tsallaken ruwa, yana shirya biki duk ƙarshen mako ko Allah zai sa ta faɗo.

Abin da zai yi miki amfani sosai yana babi na 9. Bayan an kashe Gatsby, mahaifinsa ya fito da wani tsohon littafi da ɗan ya yi rubutu a bayansa ranar 12 ga Satumba, 1906: tashi ƙarfe 6, motsa jiki, karatun lantarki, aiki, koyon iya magana. Ƙasa da wannan akwai alkawura, daina taba, karanta littafi ko mujalla mai amfani duk mako, tara dala 5 da ya soke ya mai da 3, da kyautata wa iyaye. Wannan shi ne tsohon burin Amurka tun zamanin Benjamin Franklin, cewa tarbiyya da naci su ne tsanin ɗan talaka. Ki ajiye jerin nan gefe da gefe da babi na 5, inda Gatsby yake zubo riguna daga kabad Daisy tana kuka don kyansu, da babi na 7 inda ya ce muryarta cike take da kuɗi. Nacin yana nan bai ragu ba. Abin da ake nacin a kansa ne ya sauya, har mutumin ya kasa raba matar da yake so da dukiyar da take zaune a ciki.

Sai batun asalin kuɗin, inda marubutan suka fi rabuwa. Gatsby ya san nasa sarai, ɓoyewa yake yi. Pip bai sani ba, ya ɗauka na Miss Havisham ne. A babi na 39, yana da shekara 23, Abel Magwitch ya bayyana, fursunan da Pip ya taɓa sato wa abinci da magagari yana yaro. An kore shi zuwa Ostireliya, ya yi arziki da kiwon tumaki, ya dawo duk da ya san rataya ce hukuncin dawowa, don kawai ya ga babban mutumin da ya ƙera da guminsa. Pip ya ji ƙyamarsa. Ni a ganina nan Dickens ya fi nuna gwaninta, domin kuɗin Magwitch na wahala ne, sun fi waɗanda aka tara a gidan Miss Havisham tsarkin niyya, amma Pip ya riga ya koyi auna kuɗi da rigar mai su. Estella ma da yake ɗauka jinin manya ce, ashe 'yar Magwitch ce. Kallon kitse ya daɗe yana yi wa rogo.

Dickens ya bar wa yaronsa ƙofa. Gwamnati ta ƙwace dukiyar, Magwitch ya mutu a kurkuku Pip na riƙe da hannunsa, Pip ya kwanta ciwo, Joe ya zo ya yi jinyarsa ya biya masa bashi, sannan Pip ya tafi Masar ya yi shekara 11 yana aikin kamfani. Wasu na cewa sassaucin ya yi yawa, kuma da gaskiyarsu, tun da marubucin ya ma sauya ƙarshen labarin bisa shawarar abokinsa Bulwer-Lytton. Fitzgerald bai bar ko taga ba. Daisy ce ta kaɗe Myrtle Wilson, farkar Tom, da motar Gatsby, shi ya ɗauki laifin, mijin matar ya harbe shi. Cikin ɗaruruwan da suka ci suka sha a gidansa, mutum ɗaya ne ya zo jana'iza. Tom da Daisy suka haɗa kaya suka bar gari, babu abin da ya same su.

Idan shafi kaɗan aka ba ku, kada ki yi ƙoƙarin bin labaran biyu daga farko. Great Expectations babi 59 ne, Gatsby 9 kacal. Ki ɗauki ziyarar Joe da jerin 1906 ki gina aikin a kansu, sannan ki ƙara da shari'ar Magwitch da abokin laifinsa Compeyson: laifi ɗaya, amma mai kyan tufafi da iya magana ya sami shekara 7, Magwitch 14. Wannan ce za ta haɗa miki Dickens da Tom Buchanan.