Nvidia ko AMD? Amsa ga ƙanenmu na Samaru

Assalamu alaikum. Jiya da daddare ƙanenmu da ke karatun zanen gine-gine a Samaru ya jefo tambaya. Ya tara kuɗi zai haɗa kwamfutar tebur, an yi masa tayin katin girafik guda biyu na hannu a farashi kusan ɗaya: RTX 3060 na Nvidia mai ma'ajiyar giga 12, da RX 6700 XT na AMD, shi ma giga 12. Aikinsa Blender da V-Ray, manhajojin da ake fitar da hoton zanen gini da su, in ya gaji kuma ya ɗan buga gem. Kafin asuba amsoshi sun taru, wasu na cewa Nvidia kawai, wasu na cewa AMD ya fi araha, sai ka ce musun Madrid da Barca a teburin mai shayi. Ba wanda ya tambaye shi ko yana da wuta a ɗakinsa.

Ƙanena, bari in fara da abin da masu goyon bayan AMD suka faɗa, domin gaskiya ce. In gem kaɗai ake magana, RX 6700 XT ya fi 3060 ƙarfi, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Tun asali ma ba sa'o'in juna ba ne. Duka a farkon 2021 suka fito, amma an sa wa 3060 dala 329, shi kuwa 6700 XT dala 479, don da 3060 Ti da 3070 aka yi shi ya kara. Yau da kasuwar 'yan hannu ta daidaita farashinsu, ɗan gem da ya ɗauki na AMD ya yi tsintuwa. Kuma kada wani ya ce maka AMD ba su iya gem ba: PlayStation 5 da Xbox Series X da ake layi a kansu a shagunan gem na Sabon Gari, cikinsu ƙirar AMD ce, irin wadda ke cikin 6700 XT ɗin nan, wato RDNA 2.

Sai dai kai ba don gem ka tara kuɗin nan ba, kuma a nan gizo ke saƙar.

Tun wajen 2006 Nvidia ta fito da wani abu da ta kira CUDA, hanyar da masu rubuta manhaja za su sa katin girafik yin lissafin da ba na gem ba. A shekarar ce kuma AMD ta sayi kamfanin ATI na Kanada a kan sama da dala biliyan 5, wanda daga can ta gaji sunan Radeon. Yayin da AMD ke fama da haɗa gida biyu, Nvidia ta shafe shekaru tana bin jami'o'i da kamfanonin manhaja tana koya musu yarenta. Sakamakon shi ne abin da kake gani yau a kan teburinka. V-Ray, in za ka yi renda da kati, wato mayar da zane hoto kamar na gaske, shekara da shekaru katin Nvidia yake nema. Ka sa masa Radeon komai ƙarfinsa, aikin zai koma kan furosesa, katin da ka zuba wa kuɗi yana zaune yana kallo. Blender ya fi sassauci, yana karɓar katin AMD ta hanyar da ake kira HIP, amma in ka kunna OptiX, hanyar Nvidia, a kan 3060, ƙaramin katin nan yakan riga 6700 XT gama hoto. Dalili kuwa, tun jerin RTX 20 na 2018 Nvidia ta ware wani sashe a cikin katinta wanda ba ya komai sai bin sawun haske, yadda yake faɗawa kan bango ya dawo, ya ratsa gilashi, ya yi inuwa. AMD ba ta kawo nata ba sai ƙarshen 2020 a jerin RX 6000, wato 6700 XT gwajinta na farko ne, 3060 kuwa zubi na biyu ne a wurin Nvidia. Renda ɗin gini kuma ai duk bin sawun haske ne.

Haka abin yake ga 'yan uwanmu na sashen kimiyyar kwamfuta masu koyon ƙirƙirarriyar basira. PyTorch, manhajar da suke aiki da ita, yana aiki da AMD ta hanyar ROCm, kishiyar CUDA, amma kusan duk darasin da za ka ci karo da shi a intanet, mai koyarwar ya ɗauka CUDA gare ka. Wanda ya ƙware zai iya lallaɓawa. Mai koyo kuwa sai ya kwana uku yana gyaran abin da bai kamata ya dame shi ba.

Game da zubi-zubin katunan, tunda wasu sun rikita lambobin jiya, ga yadda suka jeru. Nvidia ta yi GTX 10 a 2016, RTX 20 a 2018, RTX 30 a 2020, RTX 40 a 2022, sai RTX 50 a Janairun 2025. AMD kuma RX 480 a 2016 da RX 580 a 2017, RX 5700 XT a 2019, RX 6000 a 2020, RX 7000 a ƙarshen 2022, sai ta tsallake zuwa RX 9070 a Maris na 2025. A zubin nan na ƙarshe AMD ba ta ma nemi karawa da RTX 5090 ba, katin dala 1,999 mai giga 32. Ta tsaya a tsakiya, ta fito da RX 9070 XT mai giga 16 a dala 599, alhali RTX 5070 Ti mai giga 16 yana dala 749, kuma a gem suna kusa da juna ƙwarai. A ganina wannan ne kati mafi kyau da AMD ta yi cikin shekaru masu yawa, har wajen bin sawun haske ta rage tazara sosai. Amma mu a nan labarinsa muke ji. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kai ka lissafa dala 599 da kanka, ka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa.

Akwai wani hali da na lura da shi tsakanin gidajen biyu: AMD ta fi sakin hannu wajen ma'ajiyar kati, Nvidia kuwa tana da ɗan maƙo. RTX 3080 ya fito da giga 10, abokin karawarsa RX 6800 XT da 16. RTX 4060 na 2023, wanda ya gaji 3060, sai ya dawo giga 8, haka ma 5060. Shi ya sa 3060 mai giga 12 ya zama kamar kuskuren alheri. Ga mai renda wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka cika zanenka da bishiyoyi da motoci da labulaye da tayil masu nauyi, ranar da ma'ajiyar ta cika, ba gudu ne zai ragu kaɗan ba, aikin ne zai iya tsayawa cak. Gara kati mai tafiyar hawainiya da zai gama da mai gudu da zai ce maka babu wuri.

Amma ka buɗe ido, sunan kaɗai ba ya isa. Akwai 3060 mai giga 8 da aka fitar daga baya, ya fi rauni, kwalinsu kuma kusan iri ɗaya. Na cikin laftof giga 6 ne. Kada ka yarda da "3060 ne dai", ka ga lambar 12 da idonka.

Yanzu zancen wuta, wanda masu sharhi na Amurka ba sa damuwa da shi. 3060 yana jan wat 170, 6700 XT wat 230. Nvidia ta ce a haɗa nata da akwatin wuta, wato abin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, mai wat 550, AMD ta ce 650. Wat 60 ba komai ba ne ga mai wuta dare da rana. Ga wanda ke renda ƙarfe biyun dare a kan inbata da batir ɗaya, ko ƙaramin janareto da ke ɗauke da fanka da cajin wayoyin duk 'yan gida, wat 60 shi ne bambancin gama aiki da mutuwar kwamfuta saura kaɗan. Da a ce giga 8 za ta ishe ka, da 4060 na ce ka nema, don wat 115 kacal yake ci; a ɓangaren AMD kuma RX 6600 mai wat 132 ya dace da ɗan gem mai sola. Shi kuwa 5090 wat 575 yake sha shi kaɗai, fiye da rabin abin da dutsen guga ke ja, kuma ba na minti goma ba. Duk wutar da kati ya sha zafi take komawa, ka tuna yadda ɗakin kwano yake a Zariya cikin Afrilu. Ka ware kuɗin akwatin wuta mai kyau da sitabilaiza tun kafin ka biya kuɗin kati. Na ga katunan da ba laifinsu, akwatin wutar banza ne ya ƙone su.

Sai samuwa. Nvidia da AMD ba su da masana'antar da ke buga ƙwayar katin. Yawanci TSMC ta Taiwan ke buga musu (jerin RTX 30 dai Samsung ce ta yi), sannan kamfanoni irin su Asus, MSI, Gigabyte, Zotac, Sapphire da PowerColor su ɗora fanka su sa a kwali. A 2020 da 2021 annobar korona da masu haƙar kuɗin kirifto suka haɗu suka share kasuwa, kati ya ninka farashi. Da Ethereum, kuɗin kirifton da ake haƙa da katunan nan, ta daina amfani da katin girafik a Satumbar 2022, sai rumbunan masu haƙa suka fashe, katunan suka bazu duniya. Da yawa daga abin da ke iso mana daga Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko titin Beirut a Kano, daga wancan ambaliyar ne. Katunanka biyu duka 'yan wancan zamanin ne, don haka ka ɗauka kowannensu ya yi aikin haƙa sai in an nuna maka akasin haka. A kasuwarmu kuma Nvidia ta fi yawa nesa ba kusa ba. Ka shiga shago ka tambayi 1660 ko 3060, a ɗauko maka. Ka tambayi Radeon, a ce sai an yi waya Legas. Ranar da za ka sayar ma, na Nvidia ya fi saurin samun mai saye.

Ni ma na taɓa cin wannan tuwon. Shekarun baya na sayi RX 580 a hannun wani da ban taɓa gani ba, na tura kuɗi, ya ba direba, na je Kwangila na karɓa a cikin leda an naɗe da jarida. Da na cire fankokin, sai ga ƙura ta daskare tsakanin ƙarafunan sanyaya kamar tsumman goge allo, man da ake shafa wa ƙwayar ya bushe ya zama alli, ina taɓawa yana gutsurewa. Na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, maimakon ƙananan injinan lissafi 2304 da ke cikin 580 na ainihi sai na ga 2048, wato nau'in da aka yi wa kasuwar Sin, wanda a zahiri 570 ne aka sauya wa riga. Na kira mutumin, waya a kashe. Ƙarin takaici, Blender tun daga 3.0 ya daina renda da irin waɗannan tsofaffin katunan. Don haka wanda ya ba ka shawarar 580 jiya saboda araha, ka gode masa kawai. Araha ba ta ado.

Wani ya kawo zancen Intel. Gaskiya Arc B580 da ya fito a Disambar 2024, giga 12 a dala 249, kati ne mai daraja kuɗinsa. Amma yana son madabod da furosesa na zamani masu wani tsari da ake kira Resizable BAR, V-Ray ɗinka ba zai yi renda da shi ba, kuma ban ga wanda zai duba maka shi a PZ ta Zariya in ya yi gardama ba. DLSS na Nvidia da FSR na AMD kuma, dabarun da ke zana gem a ƙaramin girma su faɗaɗa shi, 'yan gem suka fi shafa. DLSS ya fi tsabtar hoto amma sai katin RTX, FSR na farko-farko yana aiki a kan kowane kati. Ba su ne za su yanke maka hukunci ba.

To, ga nawa hukuncin. Kai, ɗauki 3060 mai giga 12. Za ka yi asarar ɗan gudu a gem, amma a kan allo mai 1080p ba abin da zai hana ka buga ƙwallonka lafiya. Abokinka da ya ce shi gem kawai yake, kuma gidansu akwai sola mai ƙarfi, shi ya ɗauki 6700 XT ɗin, zai fi ka jin daɗi.

Kuma kada ka biya sai an kunna a gabanka. Ka tafi da filashi mai GPU-Z da FurMark da fayil ɗaya na aikinka mai nauyi. Ka duba suna, ka duba giga 12, ka bar FurMark, mai matsa wa kati don gwaji, ya yi kamar minti ashirin kana kallon zafi, kana sauraron fankokin ko akwai mai ƙarar gurnani ko wadda ba ta juyawa. In ka ga ɗige-ɗige ko layuka masu launi a allo, miƙa masa kayansa. Ka juya katin ka dubi kusoshin baya ko an taɓa kwancewa. Kwancewa ba laifi ba ne in man sanyaya aka sabunta, amma ya faɗa maka da bakinsa. Ka gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort. Sannan ka nemi ya ba ka ko da mako guda na gwaji, a rubuce a kan rasit. In ya ce sai dai ka tura kuɗi a ba direba, ka tuna da ledata ta Kwangila.

In ka saya, duk bayan hunturu ka fitar da akwatin kwamfutar waje ka busa masa iska, ka riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Ranar Asabar bayan la'asar ina Samaru, in mai kayan ya yarda ya kawo shi, ka kira ni mu duba tare.