Flow Production Tracking ko Kitsu: wacce ta fi sauƙin kulawa ga ƙaramar tawaga?

Malam, ka tambaya wace manhaja ce ta fi dacewa da tawagarku ta mutum 12 masu aikin siddabarun hoto a fim, tsakanin Flow Production Tracking da Kitsu, ka kuma ce ba ku da injiniyan da zai zauna a kanta. Wannan batu na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin dukansu suna bin diddigin kowane gutsuren fim har a amince da shi, amma nauyin da suke ɗora wa mai kula da su ya sha bamban.

Flow ita ce wadda aka sani da Shotgun. Autodesk ta saye ta a 2014, ta koma ShotGrid a 2021, sannan ta sami sunanta na yanzu a 2024. Sabar tana hannun Autodesk, ku kuwa kuna biyan kuɗi a kan kowane mai amfani. Kusan komai a cikinta ana iya sauya shi: shafuka, matakan aiki da izinin kowane rukuni. Ta hanyar kayan haɗinta da ake kira Toolkit tana haɗuwa da manhajojin aikin hoto irin su Maya, Nuke da Houdini, ta yadda sunan fayil da lambar sigarsa za su fito bisa ƙa'ida ɗaya, sai dai daidaita wannan yana buƙatar wanda ya iya harshen rubuta manhaja na Python sosai.

Wannan yalwar ce take damuna a kan ƙaramar tawaga. Mai kula zai yi ta ƙara matakai don ya faranta wa kowa, har a wayi gari mai haɗa hoto ya sa gutsure mai lamba sh0040 a "jiran dubawa", alhali shafin shugaban sashe yana nuna masa abin da ke matakin "an aika dubawa" kaɗai. Aikin ya kammala, amma zai yi kwana biyu ba wanda ya gan shi.

Kitsu ta kamfanin CGWire ce na Faransa, kuma buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato kowa na iya samun lambobin da aka rubuta ta da su. Tsarin matakan aikinta a taƙaice yake: za a yi, ana yi, jiran amincewa, a sake, an gama. Sabon ma'aikaci yana gane ta cikin ɗan lokaci. Kuna iya ɗora ta a sabarku ba tare da kuɗin lasisi ba, amma daga ranar kula da rumbun bayananta na PostgreSQL, adana kwafin bayanai, sabuntawa da wurin ajiye bidiyon dubawa duk sun hau kanku. Haɗa ta da sauran manhajoji kuma yakan buƙaci rubutu da Gazu, wato kayan Python da ake haɗa manhajoji da Kitsu da shi.

A ganina, ku ɗauki Kitsu, ku biya CGWire su riƙe muku sabar. Idan kuwa yawancin aikinku kwangila ce daga babban sutudiyo da ke kan Flow, to ku bi Flow, ku ware mutum ɗaya tak wanda shi kaɗai ke da ikon ƙara mataki ko sauya izini.