Hattara da masu tallan "robar da ba ta jin zafi"

Masu sayar da abinci da masu girkin biki, a yi hattara. Akwai wasu da ke tallata robobin zuba abinci a WhatsApp da Facebook, kwali guda a farashin da ya yi ƙasa sosai da na kasuwa, suna rantsuwa cewa roba ce mai jure zafi, wai har a na'urar ɗumama abinci ana sa ta. Sai kun tura kuɗi kaya sun iso, ku zuba miya da zafinta, ku ga gindin robar ya lotsa, murfi ya karkace ya ƙi rufuwa, manja na tsiyaya cikin leda. Ku nemi mai kayan, waya a kashe.

Ku juya gindin roba, za ku ga ɗan alwatika da lamba a ciki. Mai lamba 5, wato PP, ita ce ta abinci mai zafi, don sai wajen digiri 160 take narkewa, tafasasshen ruwa kuwa a 100 yake tsayawa. Mai lamba 1, PET, irin ta gorar ruwa da lemo ce, tun daga wajen digiri 70 take fara laushi. Mai lamba 6, PS, kusa da 100 take saki, kuma ba ta shiri da mai mai zafi ko kaɗan. Danginta ce farar robar nan mai kama da soso da gwamnatin Legas ta haramta a Janairun 2024.

To, robar kayan sanyi, ta yankakkiyar kankana da gwanda, ita waɗannan mutane suke sayarwa da sunan mai lamba 5. Wata ma babu lambar sam. Abin da ya fi ci mini rai, mata masu ƙaramin jari suka fi faɗawa, ga asarar kuɗin roba, ga ta abinci, ga jin kunya a gaban mai saye.

Kada ku biya kuɗin kwali sai an ba ku guda ɗaya kun gwada. Ku cika ta da tafasasshen ruwa, ku rufe, ku bar ta minti biyar; in ta yamutse, ba ta abinci mai zafi ba ce. Ku matse gefenta: PP lanƙwasawa take yi, PS kuwa ƙaras take tsagewa. Sannan ku yanki ɗan guntu ku danna shi cikin ruwa. Na PP tasowa yake yi, na PET nutsewa. Duk wanda ya ce gwaji sai bayan kun tura kuɗi, ku bar masa kayansa.