Makarantar da kowa ke yaba sakamakonta, ga abin da na tarar a ciki

Iyaye da dama sun tare ni suna tambaya ko su kai 'ya'yansu ƙaramar sakandaren gwamnatin da ɗana ya gama bana. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Sunan makarantar ba zan kama ba, wanda ya sani ya sani. In tauraro ake bayarwa, biyu zan ba ta cikin biyar, kuma ɗaya daga cikin biyun nan na malamin lissafi ne shi kaɗai.

Abin da ya ja mu gaba ɗaya sakamako ne, kada wani ya gaya maka wani dalili daban. Duk shekara sai a liƙa jerin sunayen waɗanda suka ci jarrabawar kammala aji uku a bangon ofishin shugaba, a ɗauki hoto a yi ta yawo da shi a WhatsApp. Ka duba daga sama har ƙasa, da ƙyar ka ga wanda ya faɗi. Makarantar gwamnati, ba kuɗin zango, ga sakamako ya doke na wasu makarantun kuɗi da ke tatsar iyaye. Wa zai ƙi? Sai da muka yi ta zarya kafin a samu gurbi.

Shekara biyun farko lafiya lau. Katin sakamako na zuwa ƙarshen kowane zango da maki masu faranta rai, malamin aji ya rubuta "yaro mai ƙoƙari" a ƙasa, in sa hannu in mayar. Littattafan rubutunsa cike suke maƙil, rubutu tsaf, kowane shafi da alamar jan biro.

A zangon farko na aji uku ne takarda ta zo a jakarsa, wai ana son ganin uba ko uwa. Na je na tarar iyaye sun cika benci a baranda, kowa riƙe da irin takardata. Da layi ya zo kaina, mataimakin shugaba ya jawo wata doguwar takarda, ya bi ta da bakin biro har ya tsaya kan sunan ɗana.

"Malam, yaron nan bai shirya wa jarrabawar bana ba. Shawararmu a bar shi ya maimaita aji, ko ku nema masa wata makarantar ya zauna a can. Ga wurin sa hannu."

Na ce, "Yallaɓai, bai shirya ba kamar yaya?" Da ma na taho da katunansa duka a aljihu, sai na zube su a kan tebur. "Waɗannan makin wa ya ba shi? Ba ku ba ne?"

Ko kallon katunan bai yi ba. Ya ce, "Ai makin aji daban, jarrabawar waje daban."

Wallahi maganar nan har yau tana ci mini rai. Shekara biyu ana turo mini takarda mai hatimin makaranta tana cewa yaro na ƙoƙari, rana ɗaya a ce mini takardar ba ta nufin komai, kuma a faɗa ko a jikinsa. Ashe jarrabawar gwaji suka yi wa 'yan aji uku, suka ja layi, duk wanda ya faɗo ƙasan layin aka kira iyayensa. Wato jerin sunayen nan na bango da muke ta yabo tankaɗe ne: a kaɗa rariya, a zubar da tsaki, sannan a kira mutane su zo su ga laushin gari.

Matar da ke gabana a layi ba ta iya karatu ba. Aka gaya mata abin da ke takardar sama-sama, ta dangwala yatsa tana cewa, "Allah ya saka da alheri, Malam," ta ja hannun ɗanta suka fita. Yaron ko ɗaga kai bai yi ba. Ba wanda ya gaya mata cewa shawara ce kawai, tana da ikon cewa a'a.

Ni dai na ƙi sa hannu. Na ce a yi masa rajista, in ya faɗi ya faɗi da sunan makarantar da ta koyar da shi. Mataimakin ya ɓata fuska, ya ce in abin ya zo da gardama kada in ga laifin kowa, ya kira na gaba.

Fushi bai hana ni son sanin gaskiya ba. Da daddare na ɗauko littafinsa na kimiyya, na buɗe shafin da aka yi bayanin yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, na ce ya karanta. Ya karanta tiryan-tiryan, ba gargada. Na rufe littafin na ce, to, gaya mini da bakinka me ka karanta. Ya fara maimaito layin farko kalma da kalma, ya maƙale a tsakiya, ya yi shiru. Na rubuta masa 1/3 da 1/4, na ce wanne ya fi yawa, sulusi ko rubu'i? Ya ce, "Rubu'i mana, Baba, ai huɗu ta fi uku." Ɗan aji uku na sakandare ke nan, wanda katinsa ke cewa ya ci lissafi.

Don haka mataimakin bai yi ƙarya ba da ya ce yaro bai shirya ba. Ƙaryar tana cikin katunan. Da na bi diddigi, sai na gane yadda ake haɗa makin: malami ya cika allo da rubutu, yara su kwafa, ranar gwaji a fito da tambayoyi daga abin da aka kwafa ba a canza ko wasali ba. Wani makin na tsaftar littafi ne, wani na zuwa kullum. Jan biron da nake gani a kowane shafi shaida ce ta cewa an kwafa, domin ajin ya fi ƙarfin malami ɗaya ya zauna ya karanta abin da kowa ya rubuta.

Adalci dai, ba duk laifin ba ne na ƙaramar sakandare. Yara na taso wa daga firamare da ramuka a karatunsu. Bankin Duniya da UNESCO sun fitar da alƙaluma a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta a shekara goma da haihuwa, kuma a 2022, bayan rufe makarantu lokacin korona, aka ƙiyasta adadin ya kai kashi 70. To amma ai shi ya sa ya kamata makarantar da ta karɓi yaro a aji ɗaya ta gwada shi tun makon farko, ta san inda ramin yake. Wannan makarantar sai da ya rage watanni a shiga jarrabawa ta gwada, kuma ba don ta cike ramin ba, don ta san wanda za ta cire.

Ba su suka fara irin wannan wayon ba. Duk inda aka ce da sakamakon jarrabawa kaɗai za a auna shugaban makaranta, to sakamakon zai gyara. A birnin Atlanta na Amurka, binciken da gwamnatin jiha ta fitar a 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantun gwamnati 44, inda ake goge amsoshin yara na kuskure a cike na daidai, har a 2015 kotu ta samu mutum 11 da laifi. Namu ba su goge amsa ba, yaran suka goge daga jerin.

Yanzu bari in faɗi alheri, don akwai shi. Malamin lissafin aji uku, wani matashi marar yawan magana, shi ya tattara yaran da iyayensu suka ƙi sa hannu, yana zama da su bayan an tashi, kyauta, ko kuɗin alli bai nema ba. Bai fara daga manhajar aji uku ba. Ya koma da su kan jadawalin ninkawa, ya raba su rukuni-rukuni gwargwadon abin da kowa ya iya. Ɗana ya dawo wata rana da takarda biyu masu girma ɗaya, ɗaya an ninke ta gida uku, ɗaya gida huɗu, ya ɗora yankin wannan a kan na wancan yana dariya yana cewa, "Baba, ashe sulusi ne babba." Wannan dabarar ta koyar da yaro daga inda ya tsaya, maimakon inda shekarunsa suka ce ya kai, ita ce ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da ita, kuma masana tattalin arzikin da suka gwada ta, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019. Malaminmu da alli da tsofaffin takardu yake yin nasa.

A zangon nan har zuciyata ta sauko. Na fara cewa makarantar da ke da irin wannan malami ai ta ci tauraro uku. Ga shi akwai tsaro a ƙofa, ba a barin yaro ya fita yawo lokacin karatu, ba na jin labarin duka na fitar hankali, kuma malamar tarihi tana sa su muhawara a aji, abin da ɗana ke so ƙwarai.

Sai aka dakatar da darasin yamma. Dalilin da aka bayar shi ne wai ba a nemi izini a rubuce ba. Dalilin da iyaye ke faɗa a bakin ƙofa shi ne wasu malaman da ke yin darasin kuɗi a gidajensu sun ga ana rage musu kasuwa. Ko wanne ne, makonni kaɗan kafin jarrabawa aka kulle ajin, malamin ya koma ba yaran aikin gida a takarda yana dubawa lokacin hutun tara. Ga malamin Turanci da ya yi kusan zango guda ana ganinsa jefi-jefi, ɗan aji ke kwafa wa 'yan uwansa rubutu a allo. Ga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da ɗana ya gama makarantar bai taɓa riƙe komai a cikinsa ba, sai leƙe ta taga. Tauraron nan na uku a nan ya faɗi.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne taron iyaye da malamai bayan fitowar sakamako. Shugaba ya miƙe ya karanto nasara, aka yi tafi, ya gode wa "tsarin makaranta". Sunan malamin lissafi bai fito daga bakinsa ba. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, yara nawa suka shiga aji ɗaya a shekarar da waɗannan suka shiga, kuma nawa suka zauna jarrabawar?" Ya ce alƙaluman suna ofis, in zo a wani lokaci. Wasu iyayen ma harara suka bi ni da ita, kamar na zo ɓata biki.

Su waye ke saman jerin? Na san da yawa daga cikinsu. Yaran da ke da malamin darasi a gida ne, ko uwa malama, ko yayye a jami'a. Ba sabon abu ba ne: tun 1966 rahoton James Coleman a Amurka, wanda ya duba ɗalibai sama da 600,000, ya nuna cewa gidan da yaro ya fito ya fi kayan aikin makaranta tasiri a bambancin sakamako. Makarantar da ta tara 'ya'yan irin waɗannan gidaje za ta yi fice ko da malamanta barci suke yi. Shi ya sa a Ingila tun 2016 suke da ma'aunin da suke kira Progress 8, wanda ke duba inda yaro yake da ya gama firamare da inda ya kai a ƙarshen sakandare, a auna makaranta da abin da ta ƙara masa. In da da irin wannan ma'auni za a auna makarantar ɗana, ina jin hoton nan na WhatsApp da bai yi yawo ba.

Ga mai tambaya ko ya kai ɗansa: in yaronka ya riga ya iya karatu da fahimta, yana da wanda zai zauna da shi a gida, kai shi, zai ci, kuma za a liƙa sunansa. In kuwa yana ɗingishi a karatu kana fatan makaranta ta ɗaga shi, to ka buɗe ido. Kada ka tsaya a kan kati. Ka rufe littafi ka ce ya yi maka bayani da bakinsa, ka canza lambobin lissafin da aka yi a aji ka ga ko zai iya, ka tambayi yawan waɗanda suka shiga da yawan waɗanda suka zauna jarrabawa. Kuma duk takardar da aka miƙo maka a ofis, karanta ta kafin ka sa hannu, in ba ka iya ba ka tafi da wanda ya iya.

Ɗana ya ci jarrabawar, alhamdu lillahi. Lissafin da aka ce shi zai kayar da shi a nan ya fi samun maki, Turanci kuwa da ƙyar ya tsallake. Sunansa na nan a bango cikin waɗanda makarantar ke alfahari da su, makarantar da ta so in sa hannu a cire shi. Takardar shaidar kammalawa kuma har yanzu ba su ba mu ba, wai mai riƙe da makullin kabad ɗin ya tafi hutu.