Canjin sikatin a ƙauyukan Ringim: yadda aikin masu tayil yake

Akwai wasu matasa masu aikin tayil da ke zaga ƙauyukan Ringim da Taura suna cire tsohon sikatin, wato ɗan siririn tayil ko katakon da ake liƙawa a gindin bango ya zagaye ɗaki, su sa sabo. Aikinsu ya cancanci yabo, musamman saboda ba sa bin ƙasan ɗaki da ido.

Yawancin sikatin da ya karkace a gidajenmu, daɓen ne tun asali bai daidaita ba, mai aikin farko ya bi shi yadda ya same shi. Na katako kuwa gara ce ke cinye shi ta baya, danshin damina ya kumbura saura. Su waɗannan, bayan sun ɓamɓare tsohon da guduma da kurfi, sai su nemo wurin da daɓe ya fi tudu ta hanyar amfani da tiyon ruwa na auna daidaito, su auna santimita 10 daga nan, su ja zare ya zagaye ɗakin. Saman sikatin zaren yake bi, gibin da ya rage a ƙasa a cike shi da siminti.

Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 yana cin kusan mita 14 in an cire ƙofa. Tayil mai santimita 40 a kan 40 ana yanka shi gida 4, ya ba da mita 1.6, wato guda 9 sun isa, amma a sayi 12 saboda fashewa. A nan ƙwarewarsu ta fi fitowa: yanki biyu ne kawai a kowane tayil ke da bakin kamfani mai santsi, kuma su suke sa wa a inda ido ke gani, bakin yana sama. Na tsakiya sai su goge musu baki su kai bayan gado da durowa. Suna jiƙa tayil a ruwa, su yayyafa wa bango, kwaɓin kuma kwanon siminti 1 ne a kan yashi tankaɗaɗɗe 3. Wanda ya liƙa a busasshen bango, bangon ne zai shanye ruwan kwaɓin, bayan wata biyu ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo.

Inda suka gaza shi ne ginin ƙasa da aka yi wa filasta. Ba sa tsayawa duba ko filastar ta saki bango, kuma in ta saki, da ita da sikatin tare za su faɗo. Maigida ya matsa a kankare ta a sake kafin a liƙa. Ƙurar yanka ma tana da yawa, a sa su yi a tsakar gida, a kuma tanadi janareta don injin yankan.

Tayil ɗin gara mutum ya sayo da kansa a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, duk daga kwali ɗaya, don kala na bambanta ko da suna ɗaya ne. A yi cinikin kuɗin aiki bisa ɗaki, har da cike layi da farin siminti.