Sharhi kan faifan "Show Boat" na 1988 da matsayin waƙar "Ol' Man River" a cikinsa

Yawancin masu son "Ol' Man River" sun santa ne ita kaɗai: mutum ɗaya a tsaye, babbar murya, tafi ya biyo baya. Kundin faifai uku da kamfanin EMI ya fitar a 1988, wanda John McGlinn ya jagoranci makaɗansa, ya mayar da waƙar mazauninta na asali a cikin "Show Boat", wasan kwaikwayo mai waƙe-waƙe na Amurka. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, sa'o'i uku da rabi da 'yan kai, kuma ina ganin mai son fahimtar waƙar nan ba shi da madogara da ta fi shi, duk da 'yan kurakuransa.

An buɗe wasan ranar 27 ga Disamba, 1927 a gidan wasa na Ziegfeld da ke New York, aka yi shi sau 572 a jere. Jerome Kern ne ya tsara kiɗan, Oscar Hammerstein II ya rubuta baitocin, daga littafin Edna Ferber na 1926. Labarin wani jirgin ruwa ne mai suna Cotton Blossom, mai ɗauke da 'yan wasa yana bin garuruwan bakin kogin Misisifi. A 1982 aka ci karo da tarin tsofaffin takardun kiɗa a wani ɗakin ajiya na Warner Bros. a Secaucus, jihar New Jersey. Irin waɗannan takardu ne suka taimaka wa McGlinn ya dawo da tsarin da Robert Russell Bennett ya yi wa makaɗa tun farko, har da sassan da aka yanke bayan gwajin da aka yi a Washington, inda wasan ya haura sa'o'i huɗu.

Waƙar tana faifai na farko, a ƙarshen fitowa ta ɗaya. Kada a yi tsalle a faɗa mata kai tsaye, domin nan ake asarar rabin ma'anarta. A fara daga mabuɗi, inda 'yan dako baƙar fata ke lodin auduga a Natchez suna waƙar aiki, sannan 'yan gari farare su shigo da waƙar murnar zuwan jirgi. A riƙe karin da ake kiran sunan jirgin da shi. Idan Joe, leburan nan baƙar fata da ke rera "Ol' Man River" a wasan, ya kama amshinsa, za a ji kusan karin nan ne aka kifar da shi, aka rage masa gudu. Kern ya ɗinke shagalin masu kallo da wahalar masu dako da zare ɗaya, kuma sai a kundi irin wannan kunne ke kama ɗinkin. Haka ma abin da ya jawo waƙar: Magnolia, 'yar mai jirgin, ce ta tambayi Joe game da baƙon da ya sace mata zuciya, shi kuwa ya ce gara a tambayi tsohon kogi. Daga maganar soyayyar yarinya ya zarce zuwa abin da ke cin ransa.

Ginin waƙar ya cancanci a tsaya masa. Amshin yana tashi daga can ƙasan maƙogwaro, a kan sautuka biyar kawai, irin ma'aunin da aka gina yawancin waƙoƙin ibadar bayi na Amurka a kansa. Kowane zagaye yana ɗan ƙara hawa, sai a ƙarshe ya kai ƙololuwa. A tsakiya kiɗan yana juyewa ya yi duhu, kalmomi su gajarce su koma umarnin shugaban lebura: ɗauki wannan, ɗaga wancan. Dam ɗin audugar da ake cewa a ɗaga yana kai kilo 225. Maganar ɗan shan giya da faɗawa kurkuku da ke cikin baitocin ma ba wasa ba ce. An soke bauta a 1865, amma jihohin kudu sun kafa dokokin kama masu zaman kashe wando, ana ba da hayar fursunoni, galibinsu baƙar fata, ga masu gonaki da ma'adinai. Kogin Urdun da 'yan amshi ke begen tsallakawa kuwa daga waƙoƙin coci ya fito, inda tsallake shi ke nufin hutun lahira, a wasu bakunan kuma yana nufin kogin Ohio, iyakar jihohin bauta. Akwai kuma abin da masu kallo na 1927 suka shigo da shi a zukatansu: a bazarar shekarar Misisifi ya yi ambaliyar da ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, aka tilasta wa baƙar fata aikin gyaran ganuwar ruwa a Greenville. Kogin da waƙar ta ce ba ya shuka, ba ya magana, ba ya tsayawa, sun ga aikinsa a jaridu wata takwas kafin a ɗaga labule.

Bruce Hubbard ne ya rera Joe a wannan kundi. Wanda kunnensa ya saba da Paul Robeson, mawaƙi baƙar fata mai kaurin murya da ya fi shahara da waƙar, zai ji muryar ta yi masa rashin nauyi a karon farko. Sai dai a tuna cewa Jules Bledsoe, wanda ya fara rera ta a 1927, shi ma muryarsa matsakaiciya ce irin ta Hubbard. Robeson bai hau matsayin ba sai 1928 a Landan, a gidan wasa na Drury Lane, sannan New York a 1932 da fim ɗin James Whale na 1936. Abin da na yaba wa Hubbard shi ne bai mayar da waƙar fagen nuna murya ba. Yana furta kalmomi tsaf, yana barin 'yan amshi su ɗauki nasu kason, McGlinn kuma bai ja kiɗan ya yi tsawon da ya wuce kima ba. Waƙar tana dawowa daga baya a cikin wasan, har zuwa rufewa, lokacin da shekara 40 suka shuɗe a labarin, kowa ya tsufa ban da kogi.

Babban abin da mai saye ya kamata ya sani tun kafin ya kunna shi ne kalmar farko da ake rerawa. Hammerstein ya buɗe wasan da kalmar zagin nan da ake jifan baƙar fata da ita a Amurka, ya sa ta a bakin 'yan dakon kansu. An yi ta sauya ta: fim ɗin 1936 ya sa wata, farfaɗowar 1946 ta sa wata mai sauƙi, wasu suka cire layin gaba ɗaya. McGlinn ya dawo da ita. Saboda haka mawaƙa baƙar fata da aka fara ɗauka don amshi suka janye, Willard White da aka shirya ya rera Joe shi ma ya janye, aka kira ƙungiyar mawaƙan amshi ta Ambrosian ta cike gurbin masu amshin. A ganina, a kundin da aka yi don adana tarihi, barin kalmar ya nuna yadda wasan ya so ya girgiza fararen masu kallo. Amma waɗanda suka ƙi furta ta suna da hujja mai ƙarfi, kuma rashinsu ya bar tabo: amshin yana da tsafta da daidaito, sai dai ya fi kama da na ɗakin taro fiye da na bakin kogi. Malamin da zai kunna wa ɗalibai ya yi bayani tukuna.

Gibi na biyu ba laifin kundin ba ne, amma dole a cike shi daga waje. Rabin tarihin waƙar yana bakin Robeson ne bayan ya bar wasan. Daga wajen 1938, lokacin da ya je Sifen yana rera wa masu yaƙi da Janar Franco a yaƙin basasar ƙasar, ya riƙa sauya baitocin a tarukansa. Wanda ake kullewa saboda giya ya zama wanda ake kullewa saboda ya nuna jarumta, mai gajiya da rayuwa da tsoron mutuwa ya zama mai rantsuwar ci gaba da gwagwarmaya har ƙarshen numfashi. Gwamnatin Amurka ta riƙe fasfonsa daga 1950 zuwa 1958. Sai an jera rerawarsa ta 1936 da ta shekarun baya kusa da ta Hubbard kafin a ga tafiyar da waƙar ta yi.

Sauran mawaƙan, Frederica von Stade da Jerry Hadley da Teresa Stratas da Karla Burns, sun yi abin da ya dace, musamman a "Mis'ry's Comin' Aroun'", wadda aka yanke a 1927 aka dawo da ita nan. Mafi yawan faifai na uku rataye ne na waƙoƙin da aka cire ko aka ƙara daga baya, ciki har da wadda aka rubuta wa Robeson da Hattie McDaniel don fim.

A nemi cikakken kundin mai ɗan littafi a ciki, kada a ruɗe da faifai ɗaya na zaɓaɓɓun waƙoƙi, domin shi ya yanke hirarrakin da ke haɗa fitowa da fitowa. Littafin yana da amfani ta wata fuskar kuma: an rubuta baitocin Joe da karin harshen kudu, "d" a madadin "th", ƙarshen kalmomi a guntule, don haka mai neman su a ƙamus zai sha wahala idan bai mayar da harafin ba. Lasifikar waya kuwa ba ta fitar da sautin ƙasa, layukan farko na amshin da manyan gogen makaɗa za su ɓace. A sa abin sauraro na kunne ko babbar lasifika, a daidaita ƙarar tun a wurin hirar Magnolia da Joe, inda aka yi ƙasa da murya, domin idan aka ƙara ta a nan fiye da kima shigowar 'yan amshi za ta fasa kunne.